Rasuwar Anti Yashi da Allon da Za a Kafa a Ƙofarta

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Malaman Ƙananan Yara ta samu labarin rasuwar uwarmu, tsohuwar shugabarmu, babbar malamar ajin 'yan shekara uku, wadda yara da iyaye suka fi sani da Anti Yashi, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa.

Marigayiya a zaune a ƙasa ta yi aikinta, domin a cewarta malamin da ke tsaye tsakar kan yaro kawai yake gani. Ba ta ba yaro fensir sai yatsunsa sun yi ƙwari. Kafin nan faranti ne cike da yashi: ya zana, ya shafe, ya sake, babu jan biro, babu kuka. In wani uba ya zo yana faɗa, wai ɗansa ya koma da yashi a aljihu maimakon aikin gida a jaka, sai ta ce, "Baban yaro, zauna ka zana mana baƙi ɗaya, ko wandon kake ji?" Da yawa sun zauna.

Hukumar makarantar dai ba ta zauna ba. Bara masu girma mambobinta suka yanke cewa 'yan shekara uku ma su fara jarrabawa. Aka naɗe tabarmarta, aka zubar da yashin a bayan banɗaki, aka jera kujerun da ƙafar yaro ke lilo a kansu. Da ta ƙi raba takardu, sai aka mayar da ita ɗakin ajiya, tana gadin tsintsiya da bokiti, tana jiyo kukan yaranta ta bango.

Mun karanta saƙon ta'aziyyar hukumar, inda ta kira ta "uwar ilimin yara". Muna taya hukumar murnar gano hakan. Mun kuma ji za ta kafa allo mai sunan marigayiya a ƙofar ajinta, wanda yanzu zauren jarrabawa ne, amincewar iyali kaɗai ake jira. Muna roƙon mai girma maigidanta da 'ya'yanta, duk da nauyin wannan lokaci, kada su ba da sunanta a liƙa a kan abin da ya kore ta, sai in tabarma da yashi sun koma ɗakin.

Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata kabarinta, Ya ba iyalinta da yaran da har yau ke leƙa ɗakin ajiya suna nemanta juriyar wannan rashi.

In an nace sai an yi bikin kafa allon, mambobinmu za su zo, kowa da farantinsa. Ba sai an tanadar mana kujeru ba.

Sa hannu:
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Malaman Ƙananan Yara