Sabon Bututu Ga Bindigar Kaka

Darra, ranar Laraba

Zuwa ga matata Wagma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Yaya sanyin Suwat? Ki gaishe mini da su Inna, ki ce zumar da suka aiko ta iso. Tun da kika tafi gida haihuwa gidan nan ba daɗi, shayin da nake haɗa wa kaina sai ka ce ruwan wanki.

Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Bindigar Kaka, tsohuwar nan ta sojan Ingila mai sakata da ke rataye a zauren Baba, ta gaji. Ranar Juma'a Baba ya auna dutse da ita, harsashin ya tafi yawonsa. Muka kai wa Usta Torgul maƙeri, ya leƙa ciki, ya ce tsagin bututun ya suɗe sumul kamar dasashin tsohuwa, sai an sa sabo. Kuma tunda harsashin Ingila ya yi wuya a kasuwa, ya ce Baba ya zaɓi wani irin da za a yanka sabon bututun a kansa.

Ke 'yar malamin makaranta ce, za ki ce to mene ne a ciki. Wallahi komai yana ciki. Mu nan ba a tara harsashi iri biyu a gida ɗaya, don kada ranar tsiya hannu ya lalubo wanda ba ya shiga. Tawa bindigar harsashin Rasha take ci, ta Zarwali kuma na Jamus. Duk irin da Baba ya ambata, to ya faɗi gidan da bindigar za ta koma bayan ransa, ba sai ya kira sunan kowa ba.

Ni kaɗai Baba ya haifa namiji. Zarwali ɗan ƙaninsa ne, maraya ya ɗauko shi ya raina. Amma ke shaida ce, wa yake kira in ƙafarsa ta sage? Kafaɗar wa yake dafawa in za shi masallaci? Da Usta ya gama bayani na ɗauka Baba zai juyo ya ce, Sharbaz, me ka gani? Ina! Zarwali ya kalla. Ya ce zai yi tunani.

Ni dai burina in ɗanmu ya zo in hau soro in harba masa bindigar kakansa, duk kwarin nan ya ji.

Ki kula da kanki. Mijinki mai begenki,
Sharbaz

Darra, ranar Lahadi

Wagma, sanyin idona,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida baki ɗaya. Da fatan kumburin ƙafar ya sauka. Wasiƙarki ta zo a hannun direban motar Suwat. Kin ce ƙarfe ne kawai, kada in ɓata zumunci a kansa. Na ji. Amma ba banza ba muke kiran ɗan baffa da abokin gaba da kalma ɗaya, tarbur. Na gaba sun riga mu gani.

Jiya bayan la'asar aka cika a zauren Baba ana shan koren shayi, aka ɗauko maganar. Kowa da bakinsa. Masu son na Jamus suka ce ya fi nauyi, in ya sami akuyar dutse ba ta ƙara taku. Na bar su suka gama, sannan na sa aka kira Usta. Ya ɗauki harsasai uku ya jera a kan tabarma. Ya nuna cewa na Ingila yana da leɓe a gindi, a nan sakatar ke kama shi ta fizgo. Na Rasha ma yana da leɓen. Na Jamus ba shi da shi, sai an yi wa sakatar aikin da ba a halicce ta da shi ba. Ga shi kuma tun da yaƙi ya ɓarke a ƙetaren dutse, harsashin Rasha ya cika kasuwa, har a shagon mai gishiri ana samu.

Kin san abin da Zarwali ya yi? Ya ajiye kofinsa ya ce, “Lala, yayana, ya fi ni gaskiya, Baba. A sa na Rasha. Bindigar gidansa ce, ni ina ruwan biri da gada?” Sai dattawa suka hau yaba masa, kai yaron nan da kunya, kai yaron nan da zuciya. Baba yana murmushi yana shafa gemu. Ni na kawo hujja, shi ya kwashe albarka. Haka yake yi mini tun muna yara, ya bar maka tuwon ya tafi da miyar.

Raina ya ɓaci, na ga kamar ma sadaka ake ba ni. Sai wani tsoho ya ce ai duk da haka na Rasha bai kai na Jamus nisa ba. Na ce, “Wa ya gaya maka? Daga kan sorona zan sa shi a tsakiyar ƙofar Zarwali, ko sunkuyawa ba zai yi ba.”

Wagma, misali na bayar. Da na ce bishiyar tsallaken rafi, da shi ke nan. Ƙofarsa ce kawai abin da nake hanga kullum in na hau sama, ita ta zo bakina. Amma kowa a zauren ya juya yana kallon Zarwali. Zarwali ya yi dariya ya ce, “To Lala, ka bari in fenta ta tukuna, kada ka ɓata harsashi a kan tsohon katako.” Wasu suka taya shi dariyar. Baba bai yi ba. Ya tashi ya ɗauki sandarsa, yau da safe kuma shi kaɗai ya tafi wurin Usta.

Ki sa ni a addu'a. Naki har kullum,
Sharbaz

Darra, ranar Alhamis

Zuwa ga Wagma, uwar ɗana,

Barka, barka da arziki! Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya jikin? Yaya jinjirin, hancin wa ya ɗauko? Da saƙon ya iso na rasa inda zan sa kaina. Ina nan tafe kafin suna in Allah ya so.

Bindigar ta dawo, kuma tawa ce. Kada ki yi saurin guɗa.

Baba ya kawo mini ita da hannunsa, naɗe cikin mayafinsa. Ƙotar ta sha mai tana ƙyalli, sakatar tana tafiya lumui. Na ɗaga na leƙa bututun ta hasken taga don in ga tsagin, sai na ga babu tsagi ko ɗaya. Ba na Rasha aka sa ba, ba na Jamus ba. Ya sa Usta ya mai da ita bindigar tsuntsu, mai cin ƙaramin harsashi guda ɗaya mai 'ya'yan darma. Bindigar da Kaka ya tsare mashigin dutse da ita, yanzu sai dai makwarwa, ita ma in ta yarda ta matso.

Na ce, Baba, me ya sa? Ya ce, “Gādonka ne, ba zan hana ka ba. Amma na taka da ƙafata daga gindin soronka zuwa ƙofar ɗan'uwanka. Wannan ba ta kaiwa.”

Da na tambayi tsohon bututun, wanda ke da tambarin Ingila da shatin hannun Kaka, sai na ji wai Zarwali ya roƙa an ba shi. Ba don harbi ba, wai matarsa za ta riƙa hura wuta da shi. Kin ji mutumin. Bai nemi komai ba sai abin da aka yar, kuma tun ranar Baba a can yake karyawa, wai gurasar murhun tana yi masa ƙamshin mahaifinsa, wato Kaka.

Ɗazu da hantsi na cika alkawari. Na hau soro na harba wa ɗanmu bindigar kakansa. Ƙarar ba ta fi a tafa hannu ba, ko karnukan maƙwabta ba su ɗaga kai ba. Sai ga amsa daga tsallake, Zarwali ya fito yana ta sakin ta Jamus sama don taya ni murna, duwatsu suna amsawa. Da muryar bindigarsa kwarin ya san na haihu.

Na daɗe a tsaye a saman. Hayaƙi yana tashi daga gidansa, ga takalman Baba a bakin ƙofa. Baba ya yi gaskiya, Wagma, bindigar ba ta kaiwa. Idona ne Baba bai san yadda zai rage masa nisa ba.

Ki sumbaci yaron a goshi a madadina. Ki gaishe da kowa da kowa.

Mijinki,
Sharbaz