Iƙamar Direban Gida

Talata, bayan Isha'i, Sharafiyya.

Da rana na dawo daga ofishin inshora jikina duk a mace. Ma'aikacin ya buga lambar iƙamar Murtala, wato katinsa na izinin zama da aiki a ƙasar nan, ya juyo min da kwamfutar, ya ce, "Ƙanenka a takarda direban gida ne. Kamfanin bai taɓa sa shi cikin ma'aikatansa ba, don haka babu diyyar rauni. Halas, magana ta ƙare."

Wai direba. Mutumin da ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Shekara huɗu yana yanka musu alminiyam a masana'antarsu da ke Khumra, har injin ya cinye masa yatsu uku na hannun dama.

Na kira masu kamfanin, su biyun da suka haɗa jari. Ɗaya ya ce harkar takardu ta abokinsa ce. Abokin, wanda shi ne kafilin Murtala, wato uban gidan da ya tsaya masa a takarda, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya kashe waya.

Abin da ke cin raina, ni na sa shi. Ranar da ya ce min, "Yaya, wannan iƙamar ba ta aikina ba ce," ni na ce ya karɓa, takarda ce kawai, kuma ta fi saurin fitowa. Har faɗa na yi masa.

Da yamma na kai masa tuwo asibiti. Bai tambaye ni yadda muka yi ba, fuskata ta gaya masa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ba laifi in ci da hagu?"

Na ce ba laifi. Na juya masa baya ina neman ruwan da ke gabana.