Bayan Takardar Genzo

Kawagoe, 3 ga Disamba

Zuwa ga angona Shinsuke,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci, ba takardu kawai ba. Ni dai ƙalau nake, in ban da gwiwa.

Hoton da ka aiko ya iso, gadar nan mai ƙanƙara. Ka ce an yanke gefen da hatimi yake, kana so in faɗa maka ko kakanka Genzo ne ya buga shi. Shekara goma kana yawon kasuwannin tsofaffin kaya a Tokyo don ka sami ko guda ɗaya na hannunsa, ga shi ka fara sanƙo babu mata. Ai ko hatimin na nan, sunan mai zane da na mai shago za ka gani. Wa ya taɓa rubuta sunan wanda ya durƙusa yana guga takarda a kan katako?

Ku masu tarawa fuska kuke kallo. Matar mabugi baya take juyawa. Bari in sami tabarauna.

Kakarka,
Tomie

Kawagoe, 9 ga Disamba

Angona,

Ina gaisuwa, ya sanyi? Ka zauna kafin ka karanta.

Ba nasa ba ne. Na ɗaga shi a rana, launi ya ratso baya sosai, aikin hannu ne ba na inji ba, ba a cuce ka ba. Amma sawun madannin da aka goga takardar da shi na mai hannun dama ne. Kakanka bahago ne, da'irarsa baibai take tafiya, maigidansa ya yi ta faɗa har ya gaji. Na san ranka zai ɓaci. Ni ma da na ajiye hoton sai da na share ido.

To ina zaune ina shan shayi sai idona ya faɗa kan ƙofar takardar ɗakin shimfiɗa, inda mage ta yage. Me zan gani a ciki? Da'ira baibai! Sai na tuna. Hotunan da suka ɗan goce masa yakan kawo gida, ni kuma in shafa musu kunun shinkafa in liƙa a cikin ƙofa don tare iska. Kifa su nake yi, don kada 'yan matan ciki su riƙa kallon mijina. Na ɗaga gefe da tsinken cin abinci, na ƙirga bakwai, na bari.

Kada ka yi mini wa'azi, a lokacin takarda ce kawai.

Gwaggonka Harue za ta zo ranar Asabar ta sake wa ƙofofi takarda saboda sabuwar shekara, ka kuwa san ta, tsohuwar takardar a wuta take jefa ta. Na ce ta bar wannan, ta ce na fara ruɗewa. Ka hau jirgin ƙasan Juma'a. Kafin nan na jawo shimfiɗata na tare bakin ƙofar, sai dai ta ɗauke mu tare.

Taka har kullum,
Tomie