Babu Hoton Mahaifin Amarya

Yaya Doina,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ni lafiya lau nake a Bologna, kada ki damu.

Sai dai ranar Litinin, ina cikin gyara hasken hotunan wani biki a kwamfuta, na goge su da hannuna, ban ajiye kwafi ba. Na dawo da rabi, amma babu ko ɗaya mai mahaifin amarya, kuma ya rasu bayan bikin. Maigidana na wurin aiki ya ce, "Ilinca, ranar Juma'a amaryar za ta zo. Ke za ki faɗa mata." Shi ke sa hannu a takardar izinin zamana a ƙasar nan.

Kada Mama ta ji. Ki kunna kyandir a coci, ba don ni ba. Sunan mamacin Ettore.

Ƙanwarki,
Ilinca