Kwaɗo a Ƙofar Filin Baffa

Daura,
Cikin Sha'aban.

Yaya Hasana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Damagaram? Na ba direban da ke bi ta Mai'adua ne, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Kin san filin wasan yara da Baffa Mainasara ya buɗe a hanyar Sandamu. Rabonki da shi tun kafin ya girka babban lilon da ke ɗaga mutane sama. Komai na wurin da janareta yake aiki, tsohon inji ne mai shan gas, hayaƙinsa yana kwanciya a kan gidajen da ke bayan katanga. Baƙin man da ake juyewa daga injin kuwa, rami aka haƙa masa, ashe ramin bai da nisa da rijiyar unguwa.

Mutanen unguwar sun kawo ƙara ofishinmu na kula da muhalli, kuma shiyyar tawa ce. Na roƙi shugabanmu ya tura wani, ya ce idan kowa zai kauce wa danginsa a Daura, sai dai a rufe ofis.

Na je na ja ruwan da hannuna. Mai yana yawo a samansa, warin gas har cikin maƙogwaro. Wata mata, Madina, ta nuna mini 'yarta da ke fama da ƙirji tun da aka soma tayar da injin kullum.

Daga can gidan Baffa na wuce. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in bari sai bayan Sallah, da cinikin Sallah filin yake rayuwa shekara guda. Yaya, mutumin nan shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makarantar da na koyi aikin nan. Ban iya ce masa to ba, ban iya ce masa a'a ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Khairunnisa.

Daura,
Bayan Ƙaramar Sallah.

Yayata,

Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu. Ina fata kun sha ruwa lafiya, ciwon ƙafar nan kuma ya yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na gode.

Sakamakon gwajin ruwan ya dawo daga Katsina, ba a yarda ko dabba ta sha ba. An ba Baffa wa'adi ya kashe injin ya kwashe ramin, wa'adin ya cika bai taɓa komai ba. Ana cikin goman ƙarshe na azumi muka je rufe filin, ni na ɗaura kwaɗo a ƙofa. Yana tsaye a gefe da carbinsa. Bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Khairu, ke ce?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Sallah na yi kwalliya na je gaisuwa. Matarsa Inna Zubaida ta amsa mini kamar wata mai tallar goro, ta ce Baffa yana barci, alhali ina jin tarinsa a ɗaki. Na ɗan zauna a tsakar gida, kowa yana hidimarsa, babu wanda ya miƙo mini ko kunun aya. Na dawo ɗakina na dafa taliya.

Da la'asar na bi ta ƙofar filin a kan babur. Yara ne cike da sababbin kaya, sun manna fuska a jikin ƙarfe suna kallon lilon a tsaye. Sabiru, wanda ke juya musu shi, yanzu ba shi da aiki, ya gan ni ya kau da kai. Su ma 'yan unguwar ba su yi murna da ni ba, tun da an rufe rijiyar sai a hannun 'yan garuwa suke samun ruwa. Madina ce kaɗai ta ce tarin yarinyar ya lafa.

Kin ce in je in ba Baffa haƙuri. Na amince, amma ban san a kan me zan ba shi ba, don ko gobe aka sake, kwaɗon zan ɗaura. Garinmu ne, Yaya, amma sai in wuni daga ofis zuwa ɗaki ban yi hira da kowa ba.

Taki har kullum,
Khairunnisa.

Daura,
Farkon damina.

Yaya Hasana,

Ina gaisuwa, yaya yara, yaya ruwa a wajenku? Mu nan an yi shuka.

Baffa ya sayar da shanunsa na Sandamu, ban ji daga bakinsa ba, a gari na ji. Ya kwashe ƙasar ramin, ya haƙa wa unguwa burtsatse, ya jera sola a kan rumfar filin. Wutar ba ta kai ta da ba, babban lilon sai rana ta take yake juyawa, kuma da magariba za a riƙa rufewa.

Jiya na je dubawa. Komai ya yi daidai, na cire kwaɗon. Saura gwajin lilo da mutum a ciki, sai ma'aikatan suka tsaya kallon juna, ba su yarda da wutar rana ba. Na naɗe mayafina na shiga.

Ya ɗaga ni a hankali, babu ƙara, babu hayaƙi. Daga sama na ga Daura a shimfiɗe, gonaki sun soma kore, mata sun yi layi a bakin burtsatse. Ni kaɗai ce a cikin lilon gaba ɗaya, sai na ji hawaye yana zubo mini. Da na leƙa ƙasa, Baffa ya ture Sabiru gefe, shi ya riƙe birkin da kansa, kansa a ɗage, bai sauke ido daga kaina ba har na iso. Ya rame, Yaya, gemunsa ya yi fari fat.

Da lilon ya tsaya, ya miƙo mini hannu ya ce, "Taka a hankali, ƙarfen da santsi." Na sauko, ya sake ni, ya juya ya shige ofishinsa ya tura ƙofa. Na jira har abokan aikina suka tayar da mota, bai fito ba.

Ban san ko in je gidansa ranar Juma'a ba. Idan da hali ki zo kafin Babbar Sallah, mu shiga tare. Ni kaɗai ƙafata ba ta iya tsallake zauren nan.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Khairunnisa.