Baba Ya Raɗa Suna da Babban Yatsa

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Ridwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen haƙar zinariya na Jado. Allah ya tsare ku daga ruftawar rami da ƙishirwar hanya, ya sa wa guminku albarka. Mu nan gida sai godiya. Damina ta yi kyau, an fara yankan gero, wake ma ya yi 'ya'ya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, ko ɗaya bai ragu ba. Tunda wurin naku ba rezo, waya ba ta shiga, na ce bari in rubuta in ba Ɗan Bala direba ya kai Agadas, daga can a san yadda za ta kai hannunka. Albishirinka, matarka Sakina ta sauka lafiya, an samu namiji mai manyan ƙafafu irin naka, Allah ya kyauta. Har an yi suna. Na san idonka zai ruga ƙasan takarda neman sunan, to ka yi haƙuri ka bi ni sannu, don sunan yana da labari, kuma daga salularka labarin ya taso.

Salular nan nake nufi da ka bar wa Sakina, mai gilashin shafawa, wadda in an tura gefenta maɓallan rubutu ke fitowa daga ƙasa. Har gobe ina nan kan bakana cewa nauyinta ya kai na sabon sabulun wanki, amma yanzu ba mai zaginta a gabana. Ka san yadda ka bar Baba: hannun dama ya shanye, na hagu yana rawa, harshe ya yi nauyi. In ya yi magana sai Inna ta yi ta tambayarsa me ya ce, har ya gaji ya juya fuska bango. Hankalinsa kuwa garau yake. Mun gwada ba shi alƙalami tunda ya yi karatun yaƙi da jahilci, hannun ya kasa riƙewa. Sakina kunyar suruki ba ta barinta ta zauna kusa da shi, sai ta ba ni salular in riƙa kunna masa rediyo. Da fari gilashin bai yarda da shi ba, in ya nufi nan sai yatsa ya zame ya buɗe can. Wata rana da hantsi ina ba shi ɗumame, ya tura gefenta da babban yatsa, maɓallan suka fito. Ya yi ta shafa su, sannan ya ɗaga ido ya dube ni. Na buɗe masa wurin rubuta saƙo na ɗora masa a cinya. Su maɓallan suna da ɗan tudu, yatsa mai rawa yana samun wurin tsayawa, kuma harafi ba ya fitowa sai an danna da niyya. Ya daɗe yana fama, ni kuwa na ɗauka wasiyya zai bari. Da na duba, abin da ya rubuta shi ne "ba gishiri". Na karanta wa Inna, ta yi dariya har ta zauna ƙasa, sannan ta rufe fuska da gefen zani tana kuka. Gishirin dai ba a ba shi ba, likita ya hana.

Tun daga ranar Babanmu ya dawo gida, Yaya, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Da safe in na shigo daga gidana, ya riga ya rubuta abin da yake so a yi. Yana aika wa abokinsa Malam Zakari na Cadakori saƙo, suna tsokanar juna kan wanda ya fi tsufa. In na je gona nakan ɗauko masa hotuna, shi kuma ya koyi ture su da bayan yatsa ɗaya bayan ɗaya. A hoto ya hango ƙuduji mai kashe gero ya fito a gefen gabas, ya rubuta a tuge shi kafin ya yi fure. 'Yarka Farida takan hau cinyarsa a ɗauke su tare, sai ya rubuta cewa wannan mata tasa ba ta iya wanke fuska ba. Abu guda ke ba ni tausayi. In caji ya ƙare na kai ta wurin mai sola, Baba ya koma bebe ke nan har in dawo, ya zuba wa ƙofa ido bai ko motsi.

Mutum ɗaya ne bai ɗauki abin da muhimmanci ba, Baffa Tahiru. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya ɗauki Baba a amalanke ya kai shi likita a Gazawa, kuma bana sai da ya nome gonar wansa kafin ya taɓa tasa. Amma ka san shi da gaggawa. Ya riga ya saba yanke komai shi kaɗai, in ya shigo sai ya tsaya bakin ƙofa ya tambayi Inna ya mai jiki, alhali mai jikin yana zaune yana kallonsa. In Baba ya jawo salula zai rubuta masa wani abu, kafin a kai harafi na uku Baffa ya kai zaure. Ya ce wai wasan yara ne muke sa dattijo. Da aka yi haihuwa shi ya sayo goro da dabino, shi ya ɗaure ragon suna, kuma ya gaya wa Inna ya riga ya zaɓi suna, Ashraf, shi zai raɗa wa liman don kada a wahal da mara lafiya. A gaban Baba ya faɗa, bai ko dube shi ba. Kai ba ka nan, kakan yaro yana da rai a cikin gidansa, a ce ba a tambaye shi ba? Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga in aka yi sunan nan haka, to an gama da Baba a matsayin maigida, saura a riƙa ba shi abinci kawai.

Baba ya ajiye salular, ya ƙi taɓa ta, ko saƙon Malam Zakari bai amsa ba. Sai ana gobe suna da la'asar ya yafuto ni ya rubuta "caji". Na kai ta na tsaya a kanta har ta cika. Da na dawo ya rubuta cewa gobe a fitar da shi ƙofar gida.

Da safe maigidana Musbahu da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kujera, da babbar rigarsa da hula, suka ajiye shi kusa da liman. Rabonsa da zaman ƙofar gida tun kafin ciwon. Ni ina bayan zana ina leƙe ta wata kafa, kunya ta tafi hutu a ranar. Aka raba goro, liman ya juya wajen Baffa yana jiran suna, Baffa ya sunkuya zai kai baki kunnensa. Sai aka ji ƙaras, Baba ya turo maɓallan. Ya sa yatsa ya fara dannawa, ya yi kuskure ya goge, ya sake. Gumi yana bin gefen hularsa. Maroƙi ma, da bakinsa ba ya hutawa, ya tsaya yana kallon yatsan. Ni addu'a kawai nake kada hannun ya ci amanarsa, kada wani ya yi dariya, kada Baffa ya gaji ya faɗi nasa, don na san in haka ta faru Baba ba zai ƙara yarda a fitar da shi ba. Kuma gaskiya a raina so nake ya rubuta abin da zai nuna wa Baffa matsayinsa a gaban jama'a.

Da ya gama bai miƙa wa liman ba, tunda shi liman ajami yake karantawa. Sai ya miƙa wa Baffa, wanda suka zauna tabarma ɗaya a yaƙi da jahilci. Baffa ya karɓa yana ɗan murmushin a-yi-a-gama. Ya duba, ya matso da ita kusa da ido, ya sake dubawa, sai ya sa hannu ya rufe baki. Liman ya tambaye shi sunan, ya kasa. Mutumin da ba ya iya jiran harafi uku, sai ga jama'a duka suna jiransa. Daga baya ya sunkuya ya raɗa, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar.

Sunan ɗanka Tahiru.

Na zauna nan bayan zana na yi kuka na ƙoshi. Ni faɗa nake nema, Baba kuwa ya tuna wanda ya nome masa gona. Ban taɓa alfahari da kasancewa 'yarsa kamar a wannan safiya ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce yanzu ta samu Tahirun da za ta goya ba gardama. Sakina tana gaishe ka, tana wanka lafiya, ita Abba take kiran yaron don bakinta ba zai iya kama sunan ba. Farida da Gwaggo Shatu da Musbahu duk suna gaisuwa. Ka gaishe min da mutanen garinmu da ke tare da kai. Baba ya rubuta in ce maka Allah ya yi maka albarka, kuma salular ta zama tasa. Baffa Tahiru ma yana gaishe ka. Yanzu kowace safiya kafin ya wuce gona yakan tuɓe takalmi ya shiga ɗakin, ya zauna ƙasa gefen wansa, ba ya tashi sai Baba ya gama rubutu.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Kubra