Gurbin Fuzibil Ɗin da Ka Bari Babu Komai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bukar.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ne Ari. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, kuma shekara huɗu ke nan ban ambaci sunanka a gaban mutane ba. Yau zan ambata. A fili nake rubuta maka, domin a fili aka ɓata sunanka, da ni a cikin waɗanda suka yi shiru.

Ka san yadda ka tafi, amma ba ka san abin da aka ce ba. An same ka a hanyar Geskeru, kusa da bakin kogin Komadugu, bayan magariba, motarka cike da buhunan tattasai, fitilu a kashe. Harsashin da ya same ka har yau ba mu san daga wane ɓangare ya fito ba. Kafin a yi sadakar uku magana ta gama Diffa: wai me zai sa direba ya tsaya a bakin kogi cikin duhu ya kashe fitila, in ba jiran 'yan bindigar tsallaken kogi yake yi ba? Aka daina shigowa gidan matarka Falmata. 'Yarka Yagana ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da kuka har sau uku, sannan ta daina gaya mana dalili.

Ni ma na yarda, Yaya. Ban faɗa da baki ba, amma na yarda. Na lissafa abin a kaina kamar yadda nake lissafi a allo: ga kogi, ga duhu, ga fitila a kashe. Na ce a raina ai talauci ne ya tura ka.

Motar ta zauna ƙarƙashin dogonyaron gidanmu har kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Bana na kira Usta Mamman makaniki ya tashe ta, don kuɗin ɗauko tattasan gonarmu ya ishe ni. Ya sa batir, ya canza tayoyi. Da fitila ta ƙi kamawa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ce gurbin fuzibil ɗin fitila babu komai a ciki. Fuzibil, wannan ɗan robar mai siririyar waya da 'yan Najeriya ke kira fiyus. Ya cusa sabo, fitila ta kama, na ce ƙila yara ne suka zare. Ban sake tunawa da maganar ba.

Ranar Talatar da ta wuce na je ɗauko kaya. Ka san ni da tuƙi, kai ne ka ce ina riƙe sitiyari kamar mai riƙe jaririn wani. Lodi ya ja mu har rana ta faɗi. Na yi sallar magariba a gona na kamo hanya ni kaɗai. A wajen nan mai ramuka, inda hanya ke matsowa kusa da kogi, motar ta faɗa wani rami ta yi tsalle, sai gabana ya ɗauke gaba ɗaya. Fitilu biyu, lokaci ɗaya. Na taka birki ban san inda nake takawa ba.

Inji na aiki, ƙananan fitilun gaban direba na ci, amma hanya babu ita. Na murɗa makunni sama da ƙasa, shiru. Sai maganarka ta faɗo mini, wadda kake yi wa direbobin tasha kana dariya: "Ƙwan fitila biyu ba sa mutuwa rana ɗaya sai an haɗa baki. In mota na tashi ba batir ba ne. Durƙusa ka gaida fuzibil."

Na kashe mota, na buɗe ƙofa, na sauka. Na durƙusa a ƙasa, gwiwoyina cikin rairayi, na cusa kai da kafaɗa ƙarƙashin sitiyari. Na kunna hasken waya na rufe shi da tafin hannu, don a wannan wuri ba a wasa da haske. Na ɓalle murfin akwatin fuzibil, na zaro ɗan robar fitila. Wayar cikinsa ta tsinke, gefen ya yi baƙi.

Ina riƙe da shi tsakanin yatsu biyu abin ya sauko mini.

Yaya, haka aka same ka. Wanda ya ɗauko ka ya gaya mini a wajen wankan gawarka: ƙofar direba a buɗe, gwiwoyinka a ƙasa, kanka a cikin mota. A lokacin na ce ɓuya ka yi. Ba ɓuya ka yi ba. Inda gwiwoyina suke nan naka suke, abin da ke hannuna shi ke hannunka. Gurbin da Usta ya tarar babu komai, kai ne ka zare abin cikinsa, ba ka samu mayar da wani ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Na manta da tsoro, na manta da kogin da ke bayana. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Daga baya na zaro fuzibil ɗin rediyo, mai launi ɗaya da lamba ɗaya, yadda kake cewa a yi, ban da naɗa takardar kwalin sigari da ke ƙona mota. Na cusa, na tayar, hanya ta bayyana. Daga nan har Diffa tafiyar jaki na yi, ina kuka kamar yaro.

Washegari na kai wa Usta Mamman motar na ce kada ya canza komai sai ya gano dalili. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har bayan fitilar hagu. Wata waya ce ke gogar ƙarfe, robarta ta cinye. In mota babu kaya ba ta taɓawa. In an yi lodi ta faɗa rami, sai ta taɓa, fuzibil ya ƙone. Ya nuna mini tsatsar da ke wurin ya ce wannan ciwon ya yi shekaru. Ya dube ni, na dube shi, ya cire hularsa ya zauna a kan taya. Shi ma yana cikin waɗanda suka ji suka yarda.

Waya ce, Yaya. Wayar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. A kanta na bar ɗiyarka ta yi shekara huɗu tana sunkuyar da kai. Ni da ka goya, ni da ka sayar da akuyarka ka saya wa keken zuwa lakwal, ban ko tambayi motar ba, ga ta kullum a tsakar gida ina wuce ta.

Na tafi wajen Falmata da gudu kamar mai albishir. Na zayyana mata komai, har da zane a ƙasa. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta ce: "Na gode, Ari. Amma ni ban taɓa buƙatar makaniki ya gaya mini wanda na aura ba."

Na share zanen da ƙafa, na fito.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Allah Ya raya Yagana, Ya saka wa mahaifiyarta da alheri. Mu kuma da muka ji muka yarda, Allah Ya yafe mana.

Ƙanenka da ya zalunce ka,
Ari